Wa taswira ta gani? Tsargiya, amodari da rabon magani a jihar Maradi

Duk lokacin da aka fito rabon magani gida-gida, akwai tambayar da kan biyo bayan masu rabon, kuma ba kasafai suke da amsarta ba. Me ya sa aka zo da sandar awo aka auna tsawon yaran wancan gari aka ba su ƙwayoyi, mu da muke wanka a tabki ɗaya da su aka tsallake mu? Wani wurin kuma ƙorafin a juye yake: shekara da shekaru ana ɗura mana magani, alhali ko sau ɗaya ba mu ga mai wannan ciwo a garinmu ba. Wasu su ɗora laifin kan siyasa, wasu su ce maigari ne bai iya bin haƙƙin jama'arsa ba, wasu su zargi majon likita. Yawanci babu mai hannu a cikinsu. An gama yanke hukunci tun kafin kwalayen magani su baro Yamai, kuma abin da ya yanke shi taswira ce, wadda kowace gundumar kiwon lafiya take da launinta a kai. Launin nan shi ke cewa a ba ku ko a hana ku, shekara nawa za a yi ana ba ku, da ranar da za a daina. Abin da ke da irin wannan iko a kan lafiyar ƴaƴanmu, ya kamata mu san yadda ake zana shi da inda idonsa ba ya kaiwa.

Cututtukan da ake magana a kansu ba baƙi ba ne a wurinmu. Tsargiya, amodari, tundurmi da gwaiwa, tsutsar ciki, kuturta, ƙazuwa, kurkunu, cizon mahaukacin kare, saran maciji. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta tara su a rukuni guda saboda abu ɗaya da ya haɗa su: talaka suke kamawa, wanda ba shi da rijiyar kirki, ba shi da salga, likita kuma na nesa da shi, don haka aka daɗe ana yi musu riƙon sakainar kashi. Yanzu 21 ne a jerin, bayan da aka ƙara cutar noma mai cinye naman fuskar yara a watan Disamba na 2023. Biyar daga cikinsu ake yaƙa ta hanyar bai wa jama'a magani gaba ɗaya, mai ciwo da mai lafiya: tsargiya, amodari, tundurmi, tsutsar ciki da makantar kogi. Dalilin haka lissafi ne. Kamfanonin da ke yin magungunan suna bayar da su kyauta, gwada mutum ɗaya-ɗaya kuwa ya fi ƙwayar kanta tsada da cin lokaci. Sai aka ce a gwada mutane kaɗan a kowane yanki, idan yawan masu cutar ya haura wani ma'auni, a bai wa kowa. Daga ranar da aka amince da wannan dabara taswira ta zama ita ce likitan. Takardar neman magani da ma'aikatar kiwon lafiya ke aika wa OMS kowace shekara ana cika ta ne gunduma bayan gunduma, kuma gundumar da ba ta da alƙaluman bincike ba ta da hujjar neman komai.

Jihar Maradi wuri ne mai wuyar shafa wa launi ɗaya. Daga Madarunfa zuwa Barmo kamar ka ratsa ƙasashe biyu ne. Kudu akwai gulbi da ke shigowa daga Najeriya, ya bi ta Madarunfa da Maradi da Tsibiri da Gidan Rumji ya sake komawa Najeriya, akwai tabkin Madarunfa da ke riƙe ruwa bayan damina ta wuce, akwai lambunan Jiratawa, ga garuruwa a cunkushe. Arewa kuwa, bayan Dakwaro, ruwan sama ya ragu, rijiyoyi sun yi zurfi, jama'a sun warwatsu suna bin dabbobinsu har Gadabeji. Cututtukan nan kuma kowace da irin ƙasar da take so. Amodari na son inda ruwa ya yi ƙaranci har uwa ke jin asara ce ta wanke wa yaro fuska da shi. Tsargiya na son inda ruwa ya kwanta. A ƙauye ɗaya ana iya samun duka biyun, ɗaya da rani ɗaya da kaka.

A fara da amodari, domin a kanta ne aka fi ƙwarewa wajen zana taswira. Ƙwayar cutar na yaɗuwa daga ido zuwa ido ta hannu, ta gefen zanen da uwa ke share wa yara kwantsa, da ta wani ƙuda da ke yin ƙwai a kan kashin mutum da aka bari a fili. Yaro ya kamu, ya warke, ya sake kamuwa, har cikin fatar idonsa ya yi tabo. Bayan shekaru tabon ya ja fatar ta lanƙwashe ciki, gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar idon da kowace ƙiftawa. Tsohuwar da ka gani da matsefata ɗaure a bakin zane tana tuge gashin idonta, ƙarshen wannan hanya ta kai, kuma mata sun kusa ninka maza a wannan mataki saboda su ke ɗauke da yara. Binciken ƙasa da aka yi a Nijar a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna Damagaram da Diffa da Maradi su ne kan gaba, shi ya sa aikin tiyata da rabon magani da gina salga ya fi ƙarfi a wannan ɓangare.

Yadda ake awon shi ne a ɗauki yanki mai mutane tsakanin 100,000 da 250,000, a zaɓi ƙauyuka 20 zuwa 30 ta hanyar ƙuri'a, a kowane ƙauye a shiga gidaje kimanin talatin. Mai dubawa, wanda sai ya ci jarrabawa kafin a yarda da idonsa, yana sanye da gilashin ƙara girma, ya juya fatar idon yaro ta sama ya ƙirga ƙananan ƙuraje farare. Idan sun kai biyar, an rubuta yaron. Abin da ake nema shi ne yawan masu wannan alama cikin yara ƴan shekara 1 zuwa 9. Ƙasa da kashi 5 cikin 100, babu rabo. Daga 5 zuwa ƙasa da 10, rabo sau ɗaya sai a sake awo. Daga 10 zuwa ƙasa da 30, shekara uku. Daga 30 zuwa sama, shekara biyar ko fiye. Tsakanin ƙarshen 2012 da farkon 2016 an yi wani gagarumin aiki a ƙasashe 29 ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar Sightsavers, inda aka duba idon mutum miliyan 2.6 da wannan tsari guda, ana shigar da sakamako a wayar salula tare da alamar wurin da gidan yake, da bayanin nisan ruwa da ko akwai salga. Kafin wannan aiki akwai yankuna da dama a duniya da ake zargin suna da amodari amma ba wanda ya taɓa aunawa, don haka ba su taɓa ganin magani ba. Ba ƙaramin ci gaba ba ne, kuma tsarin da ya gaje shi ne ake amfani da shi har yau. Mali da Benin, maƙwabtanmu, da irin wannan awo suka tabbatar wa OMS a 2023 cewa amodari ta daina zama barazana ga jama'arsu.

Amma ko a nan akwai abin lura. Gundumar da ta fito da 4.8 da wadda ta fito da 5.2 kusan abu ɗaya ne a ƙasa, da an zaɓi wasu ƙauyukan dabam da sakamakon ya iya juyewa. A takarda kuwa ɗaya ta tsira, ɗaya za a kai mata magani na dubban ɗaruruwan mutane. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a dawo bayan aƙalla shekara biyu da daina rabo a sake dubawa, kuma a wurare da dama a Afirka an dawo an tarar ta sake haurawa. Wannan awo na biyu shi ne ya fi saurin faɗawa cikin abubuwan da ake ɗagewa idan kuɗi suka yi ƙaranci.

Tsargiya ita ce ta fi damuna, domin a kanta ne taswirar gunduma ta fi yin ƙarya ba tare da kowa ya yi niyyar ƙarya ba. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya nemi wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa ya shige jikinsa. Bayan makonni dubbai su fito daga dodon koɗi ɗaya suna yawo a ruwan, su huda fatar duk wanda ya shiga, mai wanka ko mai wanki ko mai su ko mai ban ruwan albasa. Tsutsar ta girma ta zauna a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, ƙwanta na huda bangon mafitsarar, shi ne jinin da ke biyo ƙarshen fitsari. Idan babu wannan dodon koɗi babu tsargiya, ko da masu ciwon sun cika gari. Shi kuma ba ko'ina yake rayuwa ba. Yana iya cika kududdufin da aka haƙa don yin tubali a bayan wani gari, garin da ke nesa da shi da tafiyar rabin awa kuma babu ko ɗaya. Wasu irinsa kan nutse cikin laka idan tabki ya ƙafe, su jira ruwan farko. Saboda haka cutar ba shimfiɗe take a kan ƙasa ba, ɗigo-ɗigo take, kowane ɗigo da ruwansa.

To ga yadda aka daɗe ana auna ta: makarantu biyar a yanki, yara hamsin a kowace makaranta. A karɓi fitsarinsu tsakanin hantsi da azahar, lokacin da ƙwan ya fi fita, a tace mililita 10 a duba a madubin likita, ko a tsoma ɗan tsinken takarda mai canza launi idan akwai jini. Yara 250 ke nan za su yi magana da yawun gundumar da mutanenta suka haura rabin miliyan. Mai sayen buhun wake a kasuwa yakan soka hannu ya ɗebo ya duba. Idan ƙwari sun gauraye buhun, zai gansu a tafin hannunsa. Idan kuwa a kusurwa ɗaya ta ƙasan buhun suka taru, zai biya kuɗi ya tafi da tabbacin wakensa lafiya lau. Amodari ta fi kama da buhun farko, tsargiya ita ce na biyu.

A ƙaddara misali, ba alƙaluman wata gunduma ba ne. Makaranta ɗaya a bakin tabki take, yara 30 cikin 50 suna da cutar. Sauran huɗun a kan tudu suke, an samu yara biyu kacal a cikinsu. Jimilla 32 cikin 250, kusan kashi 13 cikin 100. Gundumar ta haura ma'aunin kashi 10, za a bai wa kowa magani, har da dubban yaran tudu da ba su taɓa sa ƙafa a tabki ba, yaran bakin tabkin kuma, da ke buƙatar kulawa mai tsanani, za a ba su daidai da na kowa. Yanzu a ce ƙuri'a ba ta faɗa kan makarantar bakin tabki ba, ta faɗa kan wata ta tudu mai yara biyu. Jimilla 4 cikin 250, bai kai kashi 2 ba. An shafa wa gundumar launin lafiya, yara talatin ɗin nan da ƙannensu da iyayensu sun ɓace daga lissafi. Ƙasar ba ta canza ba, ruwan bai canza ba, hannun da aka soka cikin buhu ne ya faɗa wani wurin.

Ko a garin da aka zaɓa ma, wa aka gwada? Yaron da ke cikin aji a ranar. Wanda ya tafi kiwo, almajirin makarantar allo, yarinyar da aka cire daga boko ko wadda ba a taɓa sa ta ba, ɗan masunci da ya kwana a bakin ruwa, duk ba sa cikin hamsin ɗin, alhali su ne suka fi daɗewa a cikin ruwa. Sannan ga al'ada. A ƙauyuka da yawa har gobe ana ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro namiji alamar girma ce, ba abin kai wa likita ba. A wurin mace kuwa shiru ake yi. Ƙwan tsutsar na iya zama a mahaifa da al'aura, ya jawo ciwon mara da zubar jini da ƙaiƙayi, wani lokaci har rashin haihuwa, a yi ta ba ta maganin ciwon sanyi, a yi ta zarginta ko zargin mijinta. Gwajin fitsarin ɗan makaranta ba ya ganin wannan mata, kuma ina ganin ita ce babban ramin da ke cikin taswirar tsargiya a ƙasar Hausa baki ɗaya.

Masana sun san da wannan rauni, sun kuma nemi cike shi da lissafi. Lokacin da Nijar ta kafa shirinta na yaƙi da tsargiya a 2004, an gwada yara a makarantu sama da 400 a Nijar da Mali da Burkina Faso, aka haɗa sakamakon da bayanan tauraron ɗan Adam kan zafi da tsirrai da nisan kowane wuri daga ruwa mai ɗorewa, kwamfuta ta yi hasashen yadda abin zai kasance a wuraren da ba a je ba. Irin wannan taswira tana da amfani, musamman da yake tana nuna inda hasashen nata ke da rauni, wato inda ya kamata a tura masu gwaji. Ta iya gane kwarin kogin Kwara, ta iya gane babban tabki irin na Madarunfa. Abin da ke ba ta wuya shi ne ruwan da ya fi yawa a jiharmu: ramin da masu gina hanya suka bari, kududdufin bayan gari, fadamar da ke cika wata uku ta bushe, magudanar lambu. Waɗannan maigari ya san su, matan da ke wanki sun san su, yaran gari sun san wanda ke sa ƙaiƙayi bayan wanka. Wannan sani bai cika hawa takarda ba.

A 2022 OMS ta sauya ƙa'idarta. Yanzu ta ce duk al'ummar da cutar ta kai kashi 10 cikin 100 a ba ta magani kowace shekara, kuma ba ƴan makaranta kaɗai ba, kowa daga ɗan shekara biyu, har manya da masu shayarwa da masu cikin da ya wuce wata uku. Inda aka yi ta rabo cutar ta ƙi sauka, a duba yiwuwar yi sau biyu a shekara. Shirin ESPEN na yaƙi da waɗannan cututtuka, wanda ofishin OMS na Afirka ya kafa a 2016, shi ma yana tura ƙasashe su daina yanke hukunci a matakin gunduma, su sauko zuwa yankin kowace cibiyar lafiya, abin da muke kira CSI. Hanyar daidai ce. Sai dai wanda ya ce zai yi hukunci a kan yankuna ashirin maimakon ɗaya, dole ya auna wurare da yawa fiye da biyar. Idan ba a yi sabon awo ba aka rarraba tsohon adadin gunduma a kan yankunan, an ƙara layuka ne kawai a taswira, ba a ƙara sani ba.

Tundurmi ba sai an daɗe a kanta ba. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro shi ke ɗaukar ta a karkararmu, kuma ma'auninta mai sauƙi ne: idan an samu mutum ɗaya cikin ɗari ɗauke da tsutsar a jini, gunduma duka za ta sha magani aƙalla shekara biyar, daga baya a gwada yara ƴan shekara 6 da 7 a ga ko yaɗuwar ta tsaya. Abin da ake mantawa shi ne taswirar yaɗuwa dabam, taswirar masu fama dabam. Ana iya daina rabo a ce an yi nasara, mai kumburarriyar ƙafa na nan da ƙafarsa, mai gwaiwa na nan yana ɓoye ta cikin babbar riga don kunya, bai san tiyata na raba shi da ita ba. Irin waɗannan sai an bi gida-gida, ta bakin wanda suka amince da shi, kafin a san yawansu.

Sauran cututtukan da ba a rabon magani a kansu, taswirarsu ta fi rauni, domin daga rajistar asibiti ake gina ta. Asibitin Danja da ke kudu da birnin Maradi ya shafe shekaru da dama yana karɓar masu kuturta daga nesa, har daga tsallaken iyaka. Idan aka zana taswira da adadin waɗanda aka yi wa rajista, sai wurin da ke da mai gane cutar ya fito da duhun launi, wurin da babu kowa ya fito fari tas. Haka noma: yawancin yaran da ta kama ba sa kai wa asibiti, cikin kwanaki take kashewa idan ba a ba da magani ba, waɗanda ake gani a cibiyoyin Damagaram da Sakkwato waɗanda suka rayu ne. Haka manomin da kububuwa ta sara a gona, aka kai shi wurin mai maganin gargajiya, ya warke ko ya rasu ba tare da an rubuta ko'ina ba. A irin wannan taswira farin wuri na iya nufin babu cuta, yana kuma iya nufin babu wanda ya je ya duba, kuma launin ba ya bambanta su.

Akwai kuma matsalar ƙirga mutanen kansu. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba jihar Maradi mutum miliyan 3.4, kuma a kan wannan adadi ake ta ƙara kaso kowace shekara don a san ƙwaya nawa za a aiko. A jihar da haihuwa ke da yawa irin tamu, kuskure kaɗan a wannan ƙari na zama dubban mutane. Shi ya sa wani lokaci rahoto kan nuna an bai wa fiye da kashi 100 na jama'ar wani yanki magani, abin da ke nufin ba a san yawansu ba tun farko. Iyakokin ma sun motsa: Barmo ta fita daga Dakwaro, Gazawa ta fita daga Agye, gundumomin kiwon lafiya na ƙasa sun tashi daga 42 zuwa 72. Sabuwar gunduma kan gaji adadin uwarta har sai an yi mata nata awon, ko da ƙasarta da rayuwar mutanenta sun sha bamban. Makiyayin Barmo da ke gangarowa kudu da rani yana shayar da dabbobi a tabkunan da ba na gundumarsa ba. Ɗan cirani ya tafi kafin a zo rabo ya dawo bayan an gama. Tun 2019 dubban mutanen da ƴan bindiga suka koro daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka shigo yankin Gidan Rumji, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Dan Daji Makau da Cadakori. Sun zo da tarihin cututtukan garuruwansu, sun kuma shiga ruwan garuruwanmu. Gulbin kansa daga can yake zuwa, ta madatsar Jibiya. Taswirarmu na tsayawa a Dan Isa, tasu na tsayawa a Magama, kowace ƙasa da shekarar da ta yi awo da watan da take rabo, jama'ar kuwa dangin juna ne masu cin kasuwa ɗaya.

Ba cewa nake a yar da taswira ba. Nasarori biyu da ƙasar nan ke alfahari da su a wannan fage, da ita aka same su. Ranar 30 ga Janairu 2025 OMS ta bayyana Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar kogi, ta biyar a duniya bayan Kolombiya da Ekwado da Meziko da Gwatamala. Cutar ba ta jiharmu ba ce, tana can yamma ne a bakin rafukan da ke zuba a Kwara, inda baƙin ƙudan da ke ɗauke da ita ke hayayyafa a ruwa mai gudu. An ci ta ne saboda an san waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, aka yi musu feshi daga 1976 zuwa 1989, kuma kafin a ce ta ƙare sai da aka koma aka kama ƙudajen aka gwada, aka gwada jinin yara. Kurkunu ya fi kusa da mu, dattawanmu sun san yadda yake kwantar da magidanci daidai lokacin noma. Da aka tashi yaƙarsa a farkon shekarun 1990 ba a ɗebi samfuri ba, an bi ƙauye-ƙauye ana tambaya, aka samu masu ciwon sama da 30,000. Kowane ƙauye mai cutar aka rubuta sunansa, aka ɗora wa wani ɗan garin alhakin kai rahoto kowane wata, kuma ko babu wanda ya kamu sai ya kai rahoton babu. Wannan rahoton babu shi ne ya bambanta garin da ya tsira da garin da aka manta. Mutum na ƙarshe da ya kamu a cikin ƙasa an same shi a 2008, aka ba Nijar takardar shaida a 2013.

Tsargiya ba kurkunu ba ce, ba a ganinta da ido a ƙafar mutum, kuma ba za ta ƙare da magani kaɗai ba muddin yaro zai koma ruwan da ya fito. Amma irin taswirar da take buƙata ta fi kusa da ta kurkunu: sunan gari, sunan ruwa, da wanda zai riƙa kawo labari. Lokacin kuma ya zo da matsi. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan hukumar agajinta, USAID, wadda tun 2007 ta kasance cikin manyan masu ɗaukar nauyin rabon magani da bincike a Nijar. Ƙwayar kyauta ce har yanzu, amma man mota da alawus ɗin masu rabo da kuɗin fita awo ba kyauta ba ne. Idan kuɗi suka ragu, maganin da ake da shi ya kamata ya tafi daidai inda cutar take, wannan kuma ba ya yiwuwa da taswirar da ta tsufa ko wadda ta yi faɗi da yawa.

Akwai abin da za a iya yi daga nan Maradi ba tare da jiran kowa ba. Kowace CSI na da rajistar masu zuwa, kuma idan aka riƙa rubuta fitsarin jini tare da sunan ƙauyen mai shi da ruwan da yake shiga, a shekara guda majo zai san ɗigon da ke yankinsa fiye da duk wata kwamfuta. Tambayar yara a aji ko sun ga jini a fitsarinsu hanya ce da aka gwada a ƙasashen Afirka da dama, aka ga tana nuna makarantun da cutar ta yi wa katutu, kuma ba ta cin komai sai takarda. Ana iya kai ta makarantun allo ta hannun malamansu, a kai ta wurin mata ta hannun ungozoma. Jami'ar Dan Dikko Dankulodo na da ɗaliban likitanci da na nazarin ƙasa da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu, ga tabkuna da kududdufai a Madarunfa da Gidan Rumji da Tasawa da ya kamata a bi da kaka a ga wanne ke da dodon koɗin. Sakamakon duk awon da aka yi kuma ya dace ya dawo garin da aka yi shi, a karanta shi a gaban maigari da liman da iyayen yaran da suka ba da fitsarinsu, a faɗa musu nawa aka gwada, nawa aka samu, da shekarar da za a sake dawowa.